Dokin Malam Birki Ba Ya Bin Dama

Duk wanda ya taɓa zama kusa da Malam Birki a kan benci ya san inda sunan ya samo asali. Ko kwano ne ya faɗi a maƙwabta, ko yaro ya gifta a guje, sai ka ga ƙafarsa ta dama ta daki ƙasa kamar mai take kunama. Shi kansa bai san yana yi ba. Tun yana saurayi yake koyar da tuƙin mota, har ya yi furfura a kujerar da ake ce wa ta mai zaman banza, kodayake shi bai taɓa yin zaman banza a kanta ba. Kullum idonsa na kan gilashi, yana kallon ajalinsa na tahowa a hannun mutanen da ba su bambance birki da totur ba. Abin da ya riƙe masa rai shi ne wani birki na biyu da abokinsa Mai Walda ya haɗa masa a gefensa.

Motar 'yar ƙarama ce, ruwan toka, ko'ina a lotse. Kowace lotsawa kuwa Malam ya san mai ita. Yakan shafa ya ce wannan ta wani akawu ce, waccan ta wata ungozoma, ta bayan nan kuma ta wani mai sayar da gilashin ido wanda ashe shi kansa ba ya gani sosai. Wurin aikinsa wani tsohon filin ƙwallo ne a bayan makaranta. Nan ake zagayawa tun safe, a je a ci abinci, a dawo a ci gaba da zagayawa.

A duk ɗaliban da suka ratsa hannunsa mutum ɗaya ce ta gagare shi. Wata budurwa ce mai yawan dariya, wadda ta shiga da ribas cikin shagon mai wanki da guga, ta fito daga motar da rigar wani a wuya tana tambaya ko ta ci jarrabawa. Malam ya ga idan ya bar ta a hannun wani mai koyarwa za a yi asarar rai, sai ya aure ta. Har suka yi jikoki Lana yake kiranta, wato mai koyon tuƙi, ita kuma ba ta sake taɓa sitiyari ba.

Sana'ar ta fara mutuwa ne lokacin da motoci masu canja giya da kansu suka cika gari. Malam kuwa duk gwanintarsa a kuloci take. Yakan ce motar da ba kuloci ai keken yara ce, amma masu koyo suka koma wajen masu keken yaran. Sai ga ciwon kai ya sa shi gaba. Lana ta ja shi asibiti, likita ya ɗaura masa abin awo a dantse, ya duba, ya sake dubawa.

"Baba, jininka ya hau sosai. Wane aiki kake yi?"

Kafin Malam ya amsa, biron likita ya gangaro daga kan tebur. Malam ya taka birki. Ƙafar likita ce a wurin.

Da likita ya gama murza yatsunsa, sai ya ce, "Ko ma wane aiki ne, ka bar shi. Ka nemi abin da babu tashin hankali a ciki. Kana da gona?"

Akwai gona. Ta mahaifinsu ce, 'yar madaidaiciya, a bakin gari, hanya ta bi ta gefenta. Yayarsa ce take kula da ita, wata tsohuwa mai ƙarfin murya da har yanzu take kiransa Auta, ko a gaban jikokinsa. Da ya je mata da maganar, ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Auta, kai da ko tsintsiya ba ka iya riƙewa ba? To ga ta nan. Ni dama gwiwoyina sun gaji."

Ya fara neman mai tarakta. Mai tarakta ya zo ya leƙa ya ce kafin ya juya kan motarsa ya fita daga gonar, ba zai ɓata mansa ba. Maƙwabcinsa na gona, wanda kowa ke kira Mai Albasa, ya ba shi shawarar shanu. Malam ya tsaya ya kalli yadda ake huɗa da shanu, ya ga babu komai a hannun mai bin su sai tsumagiya da ihu.

"Abin da ba shi da sitiyari ba na bin bayansa," in ji shi. "Doki fa? Ai doki yana da linzami. A ja dama ya yi dama, a ja hagu ya yi hagu, a ja duka biyu ya tsaya. Wannan ai mota ce, ciyawa kawai take sha a madadin mai."

Mai Albasa ya ce shi dai ya ji ana noma da doki a wasu wurare, amma bai taɓa gani ba. Malam ya ce to zai gani.

Dillalin dabbobin da aka haɗa shi da shi mutum ne da aka yi wa shaidar bai taɓa ƙarya ba, kuma duk da haka babu wanda ya taɓa sayen abu a hannunsa ya koma gida ya yi barci mai daɗi. Ya fito da wani ƙaton doki ja, mai faɗin ƙirji, kofatansa kamar faranti. Malam ya zagaya shi yadda ya saba duba mota. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinsa ko yana yoyo. Ya ɗan shuri kofaton baya don ya ji iska. Dokin ya waiwayo ya dube shi.

"Ya yi tafiya da yawa?"

"Ranka ya daɗe, tafiya kam ya yi ta. Amma bai taɓa yin nisa da gida ba."

"Yana da gardama?"

"Tun da aka haife shi bai taɓa kauce wa hanyarsa ba. Ko ka rufe masa ido ya san inda za shi."

Wannan magana ta kwanta wa Malam a rai. Aka yi musaya, dillali ya karɓi motar da duk lotsawarta, Malam ya ja doki. A hanyar gida ya lura dabbar tana yawan jingina da shi ta hagu, har sau da yawa suna shiga kwata, sai ya ɗauka sabo ne ya fara shiga tsakaninsu.

Sauran kayan aiki. Mai Walda ya samo tsohuwar garmar shanu ya gyara mata baki, ya yi sarƙoƙi biyu da sandar da za a ɗaura su. Abin wuyan da doki zai ja da shi ne ya ba su wuya, don babu wanda ya taɓa ganin irinsa a garin. A ƙarshe suka yanka tsohuwar taya, suka cusa mata soso, Lana ta ɗinke ta da tsohon bargo. Malam ya ce sai an sa madubi a hannun garma.

"Madubi kuma? Wa zai biyo ka a baya a cikin gona?" in ji Mai Walda.

"Duk waɗanda suka yi hatsari haka suka ce."

Aka sa madubi. Ya ce saura birki. Mai Walda ya ajiye abin waldarsa ya rantse ko shi da ya haɗa wa jirgin ruwa ƙofa bai san inda ake sa wa doki birki ba. Malam ya haƙura, amma ya yanko kwali ya rubuta jan harafin nan na 'yan koyo, ya rataya wa dokin a gindin wutsiya. Ya ce doka doka ce.

Ranar farko, ɗaura kayan kaɗai ya cinye musu safiya. Abin wuyan ya shiga a kife, aka cire, ya shiga a juye. Sarƙa ta bi ta tsakanin ƙafafun dokin ta fito ta inda ba a aike ta ba. Ana cikin haka dokin ya ɗora kofatonsa a kan ƙafar Malam ta dama, ya tsaya yana tunanin duniya. Malam ya tura, ya roƙa, ya yi masa bayani. Sai da Lana ta nuna masa kwanon dusa ya ɗaga.

Da aka gama, Malam ya kafa bakin garma a gefen gona, ya auna wata bishiya a can ƙarshe, ya duba madubi, ya miƙa hannu ya ba da sigina duk da ba kowa sai Mai Albasa a kan iyaka.

"To, a hankali. Mu tafi."

Dokin ya sunkuyar da kai ya ja. Ƙasa ta tsage tana kifewa gefe, baƙa, mai ƙamshi. Malam ya ji wani daɗi ya taso masa tun daga ciki, irin wanda rabonsa da shi tun ranar da ya fara tayar da mota ba ta mutu ba. Ya ɗaga kai don ya duba bishiyarsa. Babu bishiya. Gidajen gari yake gani. Jim kaɗan sai ga hanya, sai ga Mai Albasa, sai ga bishiyar ta wuce ta gabansa kamar mai zuwa unguwa, sai ga gidajen gari kuma.

Ya ja linzamin dama. Dokin ya karkato da kai dama cikin ladabi, ƙafafunsa suka ci gaba da bin hagu. Ya ja da hannu biyu. Ya taka birki a cikin ƙasa har takalminsa ya maƙale ya bar shi a can. Da suka sake zagayowa ya tarar da takalmin yana jiransa.

"Sannu da zuwa, Malam!" in ji Mai Albasa karo na farko da suka gifta ta gabansa. A karo na gaba ya ce, "Ya hanya?" Daga nan ya zauna a kan kunyarsa, don dariya ta hana shi tsayuwa.

Washegari Malam ya dira gidan dillali da ɗingishi. Dillali ya saurare shi da nutsuwa, sannan ya ce ai dokin a gidan bulo ya yi rayuwarsa. Akwai wani rami da ake kwaɓa laka, da doguwar sanda a tsakiya, shi yake juya ta tun yana ɗan dugwi-dugwi har aka rufe wurin.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Ranka ya daɗe, na ce maka bai taɓa nisa da gida ba. Na ce bai taɓa kauce wa hanyarsa ba. Kai ne ba ka tambayi siffar hanyar ba."

Motar kuwa har an kwance ta an sayar da ƙofofin.

Malam bai karaya ba. Ya ce ya koya wa mutanen da suka fi wannan dokin taurin kai, har da wani alƙali. Ya soma daga tushe. Da safe yakan tsaya gaban dokin, wanda tuni mutane suka raɗa wa suna Hagu, ya zana masa hanya a ƙasa da tsinke, ya nuna masa hannunsa da hannun wani. Hagu ya saurara, ya cinye tsinken. Aka sa Lana ta shiga gaba da kwanon dusa tana tafiya sak. Hagu ya bi hagu, ya yi zagayensa, ya zo ya same ta ta baya ya ci dusar. Aka rufe masa idon hagu. Aka rufe na dama. Da aka rufe duka biyun sai ma ya ƙara sauri, yana kaɗa wutsiya kamar wanda ya koma garinsu.

Mai Albasa ne ya kawo shawarar a samo na biyu. Ya ce in aka ɗaura wani a gefensa na hagu, zai tare shi, dole ya miƙe. Malam ya koma wajen dillali, wannan karon da tambayoyi cike da baki. Dillali ya fito masa da wata goɗiya. Tana tafiya sak? Tana tafiya sak kamar zare. Tana bin dama? Tana bi. Hagu fa? Har da hagu. Ta taɓa ganin gidan bulo? Ko hanyar ba ta sani ba. Dillali ya ce shi ma abin da ya faru ya dame shi, a ba shi tsohon rediyon motar da Malam ya cire ya ajiye, a tafi da goɗiyar.

Goɗiya ce fara, mai sanyin hali. Aka yi mata nata abin wuyan, aka jera su. Suka ɗauki hanya, Hagu na turawa hagu, ita tana tokare shi, sai ga kunya ta fito miƙaƙƙiya kamar an ja ta da igiya. Malam har ƙwalla ta taru masa. Suna tsakiyar gona sai wani mai keke ya zo wucewa ta hanya, ya ɗaga hannu.

"Barka da aiki!"

Goɗiyar ta tsaya cak.

Abin da dillali bai ga dalilin faɗa ba, tun da ba a tambaye shi ba, shi ne keken mai burodi ta ja duk rayuwarta. Duk wanda ya ɗaga hannu a bakin hanya mai saye ne, kuma ba ta motsawa sai ta ji an buɗe akwati an rufe.

Hagu ya waiwaya ya ga abu a tsaye ƙiƙam a gefensa na hagu. Abin da ya rasa ke nan tun da aka rufe gidan bulo. Ya yi wata haniniya ta farin ciki, ya shiga zagaya ta. Sarƙa ta naɗe goɗiyar, ta naɗe garma, ta naɗo Malam. Da Lana ta iso da ruwan sha, ta tarar da su ukun a ɗaure wuri guda, fuskar mijinta manne da cikin goɗiya, madubi na nuna masa sama.

"Malam, in kwance ku ko darasi ne?"

"Kwance mu, Lana."

Goɗiyar ta samu suna Danja, kamar jar wutar da ke tsayar da motoci. Labari ya bazu, hanyar gefen gonar ta cika da masu wucewa waɗanda ba su da inda za su. Kowa ya zo sai ya ɗaga hannu. Malam ya koma yawo da tsohon akwatin ƙarfe a rataye, duk sanda Danja ta tsaya sai ya buɗe ya rufe da ƙarfi ta wuce. Wata rana ya manta ya miƙa hannu don ya ba da sigina, ta tsaya masa shi ma, ta waiwayo tana jiran ya zaɓi burodinsa.

Ruwa ya sauka sosai, kowa ya yi shuka. Gonar Malam kuwa in ka hango ta kamar inda aka yi kokawa. Yaya ta zo ta tsaya a kan iyaka, hannu a ƙugu.

"Auta, gonar ubanmu ce ka mai da wurin wasan yara? Ka mai da dabbobin nan inda ka samo su, ka ɗauki fartanya kamar kowa."

Da la'asar Malam ya saɓa rigarsa ya tafi tsohon gidan bulo, shi kaɗai, bai ma san abin da ya kai shi ba. Wurin ya zama kango. Amma ramin na nan, kuma kewaye da shi ga wata hanya da kofato ya ci, ta yi zurfi har ciyawa ta ƙi fitowa a kanta. Malam ya shiga ya bi ta. Yana zagayawa sai filin ƙwallon bayan makaranta ya faɗo masa a rai. Ya tuna ta ina suke fara zagayawa da ɗalibai. Ta hagu. Kullum ta hagu, saboda akwai rami a ɗaya gefen. Ya tuna ya koya wa direbobin manyan motoci da suka ƙetare ƙasashe, shi kuwa ko garin da ke gaba da nasu sau nawa ya je? Ya zauna a bakin ramin ya daɗe. Da ya tashi, haushin dokin ya fita daga ransa, kodayake bai san abin da zai yi da shi ba.

Ya dawo gida ya tarar da Lana tana mita a bakin turke. Kullum aikinta ke nan. In an ɗaure Hagu da doguwar igiya, sai ya yi ta zagaya turken, igiyar na naɗewa, har hancinsa ya taɓa itacen, sannan ya tsaya yana jiran a zo a warware.

"Dubi nan, Malam. Ko gashin jikata ba na wahalar warwarewa haka."

Malam ba igiyar yake kallo ba. Sawun kofaton yake kallo a ƙasa. Ya fara daga nesa, yana matsowa kaɗan-kaɗan, kowane zagaye a cikin ɗan'uwansa, tsaf kamar an auna.

Da gari ya waye ya tafi da Mai Walda suka kafa wani gungume a tsakiyar gona, mai kaurin da in igiya ta naɗe shi sau ɗaya za ta rage daidai tazarar kunya da kunya. Suka haɗa duk igiyoyin da ke gidan, har da ta shanya da ta guga. Aka ɗaura bakinta a abin wuyan Hagu, aka kafa garma a can gefe. Malam ya saki linzami gaba ɗaya.

"Bi hanyarka," ya ce masa.

Hagu ya bi. Bai taɓa aiki da zuciya ɗaya irin na ranar ba. Kunya guda ɗaya tal ta tashi daga bakin gona tana naɗewa zuwa ciki, Lana na biye tana jefa masara tana takewa. Masu kallo suka yi ta ɗaga hannu, ba wanda ya kula su, don Danja na can a inuwa. Daga baya ita aka ba kusurwoyin da da'irar ta bari. Gajerun kunyoyi ne, kuma a nan halinta ya yi rana, don da an kai ƙarshe Malam zai ɗaga hannu ta tsaya ko taku ɗaya ba ta ƙarawa. Ya ce a duk rayuwarsa bai taɓa samun birki mai kamawa irin nata ba.

Amma wannan daga baya ne. A ranar, rana na shirin faɗuwa hancin Hagu ya taɓa gungume. Aka gama. Malam ya share gumi, ya dubi aikinsa ta kowane gefe, ya ce to a koma gida. Ya juya kan dokin don su bi kwarin kunyar su fita yadda suka shigo.

Hagu ya kafe. Shigowa hagu ce. Fita kuwa dama ce.

Aka ja, aka tura, aka kawo dusa. Malam ya ce da Lana ta gwada fitar da shi da baya, tun da ita ce gwanar ribas. Ta ce ita shago ta iya shiga, ba ta taɓa fita ba. Mai Albasa ya ɗaga murya daga kan iyaka ya ce a ratsa da shi ta kan kunyoyin mana, ai 'yar tafiya ce.

"Da waɗannan kofatan? A kan shuka?" in ji Malam. "Kuma ba a tsallaka layi. Ban taɓa bari ɗalibina ya yi ba."

Haka Hagu ya yi damina a tsakiyar gona. Aka kafa masa rumfa a jikin gungumen. Safe da yamma Malam yakan ɗauki ciyawa da bokitin ruwa ya bi kwarin kunya, zagaye bayan zagaye, wurin da kake iya jefa dutse ya kai sai ya ci masa tafiyar zuwa kasuwa. Lana kam tsallakawa take yi abinta, ta riga shi isa, ta zauna tana jiransa, yana zuwa ya yi mata faɗan karya doka. Kwanakin farko yakan iso yana layi kamar wanda ya sha wani abu. Daga baya jiri ya sake shi, tumbinsa ya zube, ciwon kan ma ya nemi hanyarsa.

Da masara ta yi tsawo aka daina ganinsu. Sai dai mai wucewa ya ji haniniya daga tsakiyar ganye, da muryar dattijo yana bayanin yadda ake sakin kuloci a kan tudu. Wata rana Yaya ta shiga don ta yi masa faɗan da ta daɗe tana tanadi. Ta bi kunya, ta bi kunya, tana tafe tana maimaita abin da za ta ce. Da ta isa tsakiya numfashinta ya ƙare, faɗan ma ya zube a hanya. Ta zauna a ƙarƙashin rumfar, iska na kaɗawa, ba hayaniyar jikoki, ba mai neman aron komai.

"Auta, wurin nan da daɗi," ta ce, ta miƙe ƙafa ta yi barci. Daga ranar ta mai da shi wurin hutunta, har tabarma ta ajiye.

Amfanin da aka samu bai fi na kowa ba, bai kuma gaza ba, sai dai masarar da ke kusa da rumfar Hagu ta yi goyo kamar damtsen mutum saboda taki. Da aka girbe aka share, Hagu ya fito ta hanyarsa, yana zagaye yana faɗaɗawa har ya kai bakin hanya. Danja ce ta ja amalanken zuwa kasuwa, Lana na tafe a gaba tana roƙon jama'a don Allah a gaisa da baki kawai.

Shekara ta juyo, Danja ta haihu. Ɗan ya taso ja kamar ubansa, mai sanyin hali kamar uwarsa. Da ya isa aiki Malam ya ɗaura masa kaya, rabin gari na kan iyaka ana jiran a ga irin nasa. Ya ja dama, ya yi dama. Ya ja hagu, ya yi hagu. Mutane suka ɗaga hannu har da masu ɗaga biyu, ko kallonsu bai yi ba. Aka gwada shi a igiyar gungume, ya yi zagaye kaɗan ya tsaya ya waiwayo yana duban Malam, kamar mai tambaya ko lafiya.

Malam ya kwana biyu ba walwala. Ya ce da Lana shi bai san yadda ake zama da irin wannan ba, duk abin da ka ce masa sai ya yi. A ƙarshe ya ja shi ya kai wa Mai Albasa, wanda shanunsa suka tsufa, ya ce ya riƙe, in ya so ya riƙa aiko musu da albasa.

Yanzu Malam Birki ya tsufa ƙwarai, Hagu ma bayansa ya lotsa, amma duk damina suna nan a kan kunyarsu guda. Wani lokaci in ya gaji yakan jingina da hannun garma ya hango gonar maƙwabci, inda matashin dokin ke tsaga ƙasa sak, kai a sama, ƙura na tashi a bayansa. Rannan ya daɗe yana kallo, sannan ya girgiza kai.

"Lana, wai ina yaron nan za shi da sauri haka? Ƙarshen gona ne fa kawai a can."

"Sha ruwanka, Malam," in ji ta, ta miƙa masa kofi.